Mai Hoton Biki a Dajin Malam-Buɗe-Littafi

Na sauka a Yawunde da jaka biyu da lambar wayar mutum ɗaya. Jakar farko ta kayan sawa ce, da ƙullin yaji da matata Hajara ta cusa mini a gefe. Ta biyun ita ce jarina gaba ɗaya: fitilun hoto, ƙafar kyamara, da farin ƙyallen nan da nake ratayawa a bayan amarya. Lambar kuma ta Alhaji Tanko ce, wani mutum mai yawan turare da na haɗu da shi a wani biki a Kongolam. Shi ne ya duba hotunana ya dafa kafaɗata ya ce, "Lawal, kana ɓata basirarka a Daura. A Kamaru biki ba ya yankewa. Mai hoto a can da mota ake zuwa ɗaukarsa."

Maganar ta same ni a daidai lokacin da kasuwa ta mutu mini. Tun da wayoyi masu ido uku suka cika gari, kowace ƙawar amarya ta zama mai hoto. Shagona ya koma wurin cajin waya da musun ƙwallo. Saboda haka ban tsaya dogon bincike ba.

Alhaji Tanko ya tarbe ni hannu bibbiyu, ya saya mini gasasshen kifi, ya tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Da muka gama ya ce a ƙasar nan ba a aiki da fitilun hoto sai hukuma ta buga musu hatimi, in kawo jakar ya kai, kafin la'asar ya dawo. Na miƙa masa har ina godiya. Kyamarar kaɗai ta tsira, domin ita a wuyana take kwana, a wuyana take tashi.

La'asar ta yi, magariba ta yi. Na buga lambarsa, wata mata ta amsa da Faransanci, murya mai daɗi, ta yi mini bayani. Na ce mata don Allah ta ba Alhaji. Ta maimaita bayanin. Na sake roƙo, ta sake maimaitawa. Sai da mai kifin ya ji tausayina ya karɓi wayar ya saurara, ya nuna mini da hannu cewa ba mutum ba ce, na'ura ce, kuma cewa take yi wayar a kashe take. Faransancina na bakin iyakarmu ne: na iya gaisuwa, na iya cewa ga katina, na iya cewa ba ni da komai. A ranar dai na ukun ya yi mini amfani.

Wanda ya tsamo ni shi ne Malam Iro, wani tela mutumin Sandamu, kusa da garinmu, da ya daɗe a unguwar Hausawa. A bakin masallaci ya ji ina tambayar inda baƙo zai ajiye haƙarƙarinsa, sai ya juyo.

"Kai, wannan bakin na gida ne. Daga ina?"

"Daura, Malam."

"Wa ya kawo ka?"

"Alhaji Tanko."

Ya dubi jakata guda ɗaya. "Hatimi ya ce zai kai a buga?"

Na ce haka ne.

"Taho mu je. Kai ne ba ka ci tuwo ba tukuna, sauran da ya damfara duk sun ci a gidana."

A shagonsa na zauna, ina kwana a kan tarin yadi, ina tashi da zare a gemu. Shi ne kuma ya samo mini aikin farko. Wata mata da yake yi wa ɗinki za ta aurar da 'yarta, mai hotonsu ya kwanta rashin lafiya, Malam Iro ya rantse mata cewa a ƙasarmu ni ne nake ɗaukar manya.

Ban taɓa shiga bikin coci ba sai ranar. Ga duhu a ciki, ga ni ba fitila. Da aka fito fili na ja amarya gefe don in yi mata hoton nan na musamman wanda ake bugawa babba a rataya a falo. Tana riƙe da damin furanni a ƙirji. Na saita, na danna, na ji a raina na yi aiki. Da aka wanke hoton sai ga amarya ta zama inuwa, fuskarta dishi-dishi kamar an hango ta ta cikin ruwan koko. A gabanta kuwa, a kan fure, ga wani ɗan malam-buɗe-littafi ya fito raɗau, har gashin ƙafarsa ana ƙirgawa.

Uwar amarya ta zage ni da harsuna biyu. Ina tsaye ina karɓa, sai wata dattijuwa gajera mai farin gashi da ke zaune a gefe ta ce a miƙo mata hoton. Ta ɗora tabarau a kan tabarau, ta kai shi dab da hancinta, ta daɗe tana kallo. Na lura takardar tana rawa a hannunta.

"Kai ka ɗauki wannan?" ta tambaye ni da Turanci.

Na ce ni ne, a yi haƙuri.

"Da gangan?"

Na dubi uwar amarya, na dubi dattijuwar, na rasa wadda zan yi wa ƙarya. Na ce, "Allah ne ya yi, Madam."

Ta yi dariya har da tari. Ashe yayar uwar amarya ce, sunanta Dakta Ebude, kuma duk rayuwarta a kan nazarin waɗannan ƙwari ta ƙare. Ta ce tana haɗa littafin da zai nuna ire-irensu da ke dazukan duwatsun yankinsu, domin gonaki suna ta cin dajin daga ƙasa, tana so a san abin da ke ciki kafin ya tafi. Amma hannunta ya fara rawa, hoto ba ya yi mata. Tana neman mai hannu tsayayye. Za ta gwada ni, in hotunana sun yi in zauna har ƙarshen aikin, in ba su yi ba in bi mai kawo musu abinci in sauko.

Da na faɗa wa Malam Iro, ya ajiye almakashi. "Sunanta me?"

"Ebude."

"A buɗe? Kuma aikin malam-buɗe-littafi? Tafi, Lawal. Wannan rubutacce ne."

Daga birni zuwa gindin dutsen mota ce ta kai mu. Daga nan babur ya karɓa, a kan wata hanya da ba hanya ba ce, jan taɓo ne da ake bi bisa zato. Ɗan acaɓan yana rera waƙar coci, ni ina bayansa ina karanto duk addu'ar da na sani, muka isa lafiya, ban san ta wanda aka karɓa ba. Inda babur ya gaza, ƙafa ta ɗauka.

Ni mutumin fili ne. A garinmu in ka hau kan katanga sai ka hango mai zuwa tun yana wajen gari. Can kuwa itace a kan itace, igiya a kan igiya, sama ba ta ganuwa. Gajimare da muke ɗaga kai mu kalla, a can shi yake saukowa ya shiga cikin tanti ya zauna tare da kai. Na zaci ƙasar kurmi zafi ne da ita, na zo da riguna marasa nauyi. Sanyin da na tarar jiƙaƙƙe ne, ba ya bushewa. Na wanke riga na shanya, bayan kwanaki na je ɗauka na tarar ta fi ranar da na wanke ta ruwa. Takalmin sallata ya yi fumfuna, kore shar.

Mu uku ne a sansanin. Na ukun shi ne Fa Ngole, wani tsohon maharbi da ya ajiye bindiga ya koma nuna hanya da dafa abinci. Mutumin kirki ne, amma ban taɓa ganin tukunyarsa ba tare da na tambayi sunan abin da ke ciki ba, kuma sau da yawa amsar ba ta kwantar mini da hankali. Na koma rayuwa a kan gwaza da ayabar dafawa, ina barbaɗa musu yajin Hajara. Ran da ya nemi ɗanɗano na ba shi, ya zuba da yawa, ya zagaya tanti yana hura baki, ya dawo ya ce lallai matata tana fushi da ni.

Aikin kansa ya ƙasƙantar da ni. Na saba in ce, "Hajiya a ɗan karkato, ango a matso, yara a bar wasa," a kuma yi. Ranar farko na hango wani shuɗi mai sheƙi a kan ganye, na nufe shi gadan-gadan kamar zan ɗauki ayarin 'yan ɗaurin aure. Ya tashi. Na bi shi, ya ƙara gaba. Ban san lokacin da na daka masa tsawa da Hausa ba: "Kai, tsaya mana!" Madam ta zauna a kan kututture tana share hawaye. Da yamma muka duba abin da na ɗauko: ganye, ganye, sama, ganye, sai ƙafar Fa Ngole.

"Mista Lawal," in ji ta, "ganyen ya fito da kyau. Amma littafin ganye an riga an rubuta."

Ita ta koya mini, a hankali. Kada inuwarka ta faɗa kansa. Kada ka tunkare shi ta sama, zai ɗauka tsuntsu ne. Ka fito da sassafe lokacin da sanyi ya kama shi, fukafukansa sun yi nauyi, yana jiran rana. Sannan hoto ɗaya ba ya isa a gane shi: sai an ga samansa in ya buɗe, an ga ƙasansa in ya rufe, domin akwai biyu da za ka rantse uwa ɗaya uba ɗaya ne, amma ɗigo ɗaya a ƙarƙashin fiffike ya raba su. Ni da na zo Kamaru a ɗauke ni a mota, sai ga ni ina jan ciki a cikin taɓo, ina lallaɓa ƙwaro.

Sunayensu na boko kuwa harshena ya ƙi su. Sai na raɗa musu nawa. Wani fari mai yawan yanga, Amarya. Wani baƙi da jan ɗamara wanda ba ya barin kowa ya sauka a yankinsa, Ɗan Doka. Wani mai launin busasshen ganye da in ya rufe fukafukai ko uwarsa ba ta gane shi, na sa masa Alhaji Tanko. Madam ta yi ta faɗa a kan wannan shirme, amma wata safiya na ji ta da kanta tana raɗa, "Mista Lawal, yi sauri, ga Alhaji Tanko."

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne abincinsu. Ni a zatona furanni suke bi, abin sha'awa. Ashe manyan cikinsu, masu kyan nan da za ka ce daga Aljanna suka ɓalle, ba abin da suke so kamar ruɓaɓɓen kifi da kashin namun daji. Fa Ngole yana dama musu ruɓaɓɓiyar ayaba da bammi, a shafa a jikin itace. Na ce ni dai ba na taɓa wannan kwano. Ya ce ba komai, shi zai riƙe, kuma na lura riƙon yana haɗawa da ɗanɗanawa, wai don ya tabbatar bai lalace ba. Malaman nan su sauka su sha su yi tatul, su zauna suna tangaɗi, ka kai kyamara har hancinsu ba su motsa. Hotunana na farko da suka yi kyau, duk na 'yan maye ne. Na yi kwanaki ina tunanin wanda zan tambaya hukuncin wannan.

Sabis ba ya samuwa sai an hau wani tsauni an tsaya kusa da wani dutse an juya gabas. Can na kira gida. Hajara ta miƙa wa mahaifiyata waya.

"Lawal, an ce ka bar birni. Hoton wa kake ɗauka a daji?"

"Malam-buɗe-littafi, Inna."

Layin yana yankewa. "Malamai?"

"A'a Inna, buɗe-littafi..."

"Masu buɗe littafi? Alhamdu lillahi! Ka bar 'yan rawa ka koma wa malamai. Ka ce su sa ni a addu'a, gwiwar nan ta hana ni sakat."

Kafin in gyara, sabis ya tafi. Da na sake hawa bayan mako, Hajara tana dariya har ba ta iya magana. Ta ce, "Baban Ummi, unguwa duk ta ɗauka. Jiya liman ya tare ni yana tambaya ko wace ɗariƙa ce." Ta ce ta zaunar da Inna ta yi mata bayani, har ta kamo mata ɗaya a bakin rijiya ta nuna mata. Inna ta karɓi wayar, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙwaro, Lawal?"

"Ƙwaro, Inna."

Ta nisa. "To, shi ma Allah ya halicce shi. Amma kada ka bari dangin ubanka su ji."

Na sauko daga tsaunin ina dariya, amma kafin in isa tanti dariyar ta juye. 'Yata Ummi ta fara tafiya ban gani ba. Ga kuma Madam ba ta ce na zauna ba, ba ta ce na tafi ba. Hotunan ƙananan sun yi, amma ta ce duk waɗannan an taɓa ɗaukarsu. Abin da ya dawo da ita dutsen nan da tsufanta wani babba ne, baƙi mai koren layi da wutsiya biyu, wanda yake zama can ƙololuwar itatuwa. Sau ɗaya ta taɓa ganinsa tana budurwa, kuma abokan aikinta sun daɗe suna ce mata ido ne ya yaudare ta. Mun shafa masa ayaba, mun rataya masa kifi, bai zo ba. Ruwan sama kuma yana ƙara ƙarfi, Fa Ngole ya ce sai dai mu sauka kafin hanya ta rufe.

Wata Juma'a Madam ta ba ni hutu. Na bi hanya na yi sama, ba don komai ba sai don in ga inda dajin ya ƙare. Ashe a can bisa itatuwa suna yankewa, fili ya buɗe, ciyawa har iya gani. Kafin in ga komai hancina ya riga ni: warin kashin shanu. Wallahi ban san ina kewarsa ba sai da hawaye ya zubo mini. Na bi warin kamar mai bin ƙamshin suya, na tarar da ruga, da wani dattijo Bafulatani a lulluɓe da bargo yana gyara igiya.

Na yi sallama. Ya amsa, ya ɗago, ya ce da Hausa, "Bahaushe, me ya hawo da kai nan? Ko kasuwa aka buɗe ban sani ba?"

Sunansa Jauro Buba. Ya sa aka kawo mini kindirmo a ƙwarya, mai sanyi, na sha har na ji kunya, aka ƙaro. Muka yi azahar tare, rabona da sahu tun Yawunde. Da ya tambayi sana'ata na gaya masa gaskiya, na nuna masa hotunan a bayan kyamara. Ya kalla, ya kalle ni.

"Ana cin su?"

"A'a, Baba."

"Ana magani da su?"

"A'a."

"Sayar da su ake yi?"

"Hotonsu kawai ake ɗauka, a rubuta sunansu."

Ya daɗe yana jinjina kai. "Mutane suna cewa mu ne ba mu da hankali, muna bin saniya cikin ruwa. Ni dai tawa ana tatsa."

Da zan tafi ya cika mini gora da nono. Na laluba jikina ban sami abin da zan ba shi ba, sai hular kaina, zanna ce mai kyau da na yi aure da ita. Na cire na miƙa masa. Ya ƙi, na nace, ya karɓa ya ɗora a kan rawaninsa.

A nan sai in faɗi abin da ban cika faɗa ba. Ina da sanƙo, ba ƙarami ba, irin wanda ya fara daga goshi bai tsaya ba sai ƙeya. Shekaru ina rufe shi, ko Madam ba ta taɓa ganinsa ba. Washegari da na fito ba hula, Fa Ngole ya kare idonsa da hannu ya ce yau rana biyu ta fito.

Ranar muka bi wata hanya mai tsayi zuwa inda wani babban itace ya faɗi ya buɗe sama. Hawan ya jiƙa ni da gumi sharkaf. Da muka zo tsallake gungumen na miƙa wa Madam kyamara ta riƙe mini, na haye, na dira ɗaya gefen, na tsaya ina mayar da numfashi. Sai na ji wani abu ya sauka a tsakiyar kaina, mara nauyi, kamar an ɗora ganye. Na ɗaga hannu zan kaɗe.

"Kada ka motsa!"

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Hannuna ya tsaya a iska. Idonta ya fito.

"Shi ne," ta raɗa. "Mista Lawal, shi ne. Gishirin guminka yake sha. In ka motsa na kashe ka."

Ina jin ƙafafunsa suna takawa a kan fatata, ina jin ɗan bakinsa kamar zare yana lasa. Mai hoto ga shi nan a tsaye, abin ɗauka yana kansa, kyamara tana hannun matar da ta ɗauke ni aiki saboda ba ta iya riƙe ta. Ta ɗaga, kyamarar tana kaɗawa kamar tana yi mini bankwana.

Na yi magana ta tsakanin haƙora, ba tare da na motsa haɓa ba. "Fa Ngole. Durƙusa a gabanta. Madam, ɗora a kafaɗarsa."

Tsohon ya durƙusa. Ta ɗora.

"Matse gwiwar hannu a jiki. Ja numfashi, ki riƙe, sannan ki danna."

Ta danna, ta danna. "Ƙasan ya samu," in ji ta. "Amma a rufe yake. Sai ya buɗe. Jira rana ta fito daga gajimaren nan."

A daidai nan na ji cizo na farko a idon sawu. Na saukar da ido kawai, ban saukar da kai ba. Ashe da na dira, a tsakiyar ayarin kwarkwasa na dira. Baƙi ƙirin, layi guda, sun fasa tafiyarsu sun juyo kaina. Wanda bai san kwarkwasar kurmi ba, ba ta cizo tun daga ƙasa gaba ɗaya. Hawa take yi shiru, sai ta kai inda take so, sannan kamar an busa mata usur.

"Madam," na ce, "kwarkwasa."

"Na gani. Yi haƙuri."

"Sun wuce gwiwa."

"Gajimaren ya kusa wucewa."

"Madam, ina da iyali."

Fa Ngole yana durƙushe, kafaɗarsa ta fara rawa saboda dariyar da yake dannewa, Madam ta ƙwale shi a ka ya natsu. Gumi yana shiga idona, malam yana ta sha abinsa, bai taɓa samun walima irin wannan ba. Na tuna duk amaren da na tsayar a rana ina cewa a ƙara murmushi, na nemi gafararsu ɗaya bayan ɗaya. A raina ina cewa, ya kai wannan bawan Allah, yara a garinmu roƙonka suke ka buɗe littafi, ni yau da girmana nake roƙo.

Rana ta faɗo a kaina. Na ji ɗuminta, na ji wani ɗan motsi kamar an buɗe tafin hannu.

"Ya buɗe," in ji Madam. Na ji ƙarar kyamara, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Sai nauyin nan ya bar kaina.

Ban jira izini ba. Yadda na bar wurin, da inda wandona ya faɗi, da yadda na sami kaina zaune a cikin rafi mai sanyin ƙanƙara ina kiran sunan Allah, wannan Fa Ngole ya fi ni iya ba da labarinsa, kuma na tabbata har yau yana bayarwa. Shi ya biyo ni da wandon a kan sanda, ya zauna ya taya ni cire kwarkwasar ɗaya ɗaya, domin ko ka fizge jikinta kan yana nan maƙale.

A tanti muka duba. Na farko dishi-dishi. Na biyu rabin fiffike. Na uku kunnena. Muka yi ta wucewa, Madam ba ta numfashi. Can sai ga shi: baƙi kamar karan-miski, koren layi ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, wutsiyoyi biyu, komai raɗau. A ƙarƙashinsa wani fili mai ruwan ƙasa, sumul, yana sheƙi, da ɗigon ruwa a kai.

Dattijuwar nan ta rufe fuska da hannu ta yi kuka kamar yarinya. Ni kuwa ina kwance rub da ciki saboda ba na iya zama. Da ta share ido ta ce, "Mista Lawal, ba ka sauka. Akwai duwatsu uku a gaba."

Na ce, "Madam, ai ba ni na ɗauka ba."

Ta ce, "Na ga masu hoto da yawa. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya ba."

Na zauna da su har aikin ya ƙare, na ɗauki ɗaruruwa, wasu ma ina alfahari da su. Amma babban nan bai sake saukowa ba, ko da yake Madam ta hana ni sa hula har muka bar dajin, kuma duk inda rana ta buɗe sai ta ce in ɗan tsaya a nan tukuna.

Da littafin ya fito ta aiko mini da shi har Daura. Hoton nan ne a bango. A ciki an rubuta cewa an same shi yana shan gishiri a kan wani jiƙaƙƙen wuri, ba a faɗi wurin ba, na kuwa gode mata. Na kai shi majalisarmu, abokai suka yi ta juya shi. Wani ya ce dutse ne, wani ya ce ƙwarya ce aka kife, wani malamin makaranta ya ce lallai irin kabewar can ce. Na ce musu haka ne, kabewar can ba irin tamu ba ce.

Da yamma na shiga wurin Inna na miƙa mata. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta matsa bakin ƙofa inda haske yake. Na fara yi mata bayanin ƙwaron, yadda ba a taɓa ɗaukarsa ba, yadda masana suka yi ta musu a kansa. Ba ta ko dubi fukafukan ba. Ta sa yatsa a ƙasan hoton ta shafa.

"Wannan ai kanka ne, Lawal."

Na gyara hulata. Hajara ta toshe baki ta shige ɗaki.

"Ga tabon nan na ranar da ka faɗo daga jakin kawunka." Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. "Wato duk zaman nan da ka yi a ƙasar mutane, da girmanka da iyalinka, haka kake yawo ba hula?"